Akawu Ya Kawo Ruwa Gidan Gwaggo

Shekara ashirin da huɗu Akawu ya yi yana jera fayil a ofishin wani kamfani, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ka rantse a kansa aka ɗora ginin. A faɗarsa, ko tari manaja zai yi sai ya leƙo ɗakin fayil ya nemi shawararsa. To, ranar da aka shigo da kwamfutoci aka jera su a kan tebura, manajan bai nemi shawarar kowa ba. Aka miƙa wa Akawu takardar godiya da agogon bango, aka raka shi har bakin ƙofa da murmushi.

Shekara biyu ke nan yana zaman benci a ƙofar gidan hayar Gwaggo, biro uku a aljihun gaba, yana koya wa masu wucewa yadda ya kamata a tafiyar da duniya. Sunan Akawu ya biyo shi gida, aikin ne dai ya tsaya a can. Matarsa ce ke riƙe da gidan da aikin shara da goge-goge a wani asibiti, kuma ita ta jiyo labarin wata cibiya da ke koya wa manya sana'a kyauta. Wata shida ake yi, a ƙarshe a ba mutum takardar shaida da akwatin kayan aiki. Kwana uku tana sammako tana bin layi kafin ta samo masa gurbi, shi ma a ajin gyaran famfo, don shi kaɗai ya rage.

"Famfo?" in ji Akawu, yana juya takardar kamar an kawo masa sammaci. "Ni da na riƙe sirrin kamfani guda, a ce na ƙare a tsugune ƙarƙashin wurin wanke hannu?"

"Sirrin kamfanin nan shekara biyu ina ɗora shi a wuta, Baban yara, har yau bai nuna ba," in ji matar. "Shekararka hamsin da uku. Mutum sama da ɗari ne ke jira a bayanka, kuma sun ce wanda ya rasa gurbinsa ba a sake ɗaukarsa. Ba ni da ƙafar bin wani layin. Don Allah ka riƙe wannan."

Ba wasa a fuskarta, shi ma ya san gaskiya ta faɗa. Zaman banzan ya ishe shi har wuya, ko da yake ya gwammace a yanka shi da ya faɗi haka da bakinsa.

Ranar farko ya tafi cikin farar riga mai guga, sai ka ce shi zai duba makarantar. Ajin wata doguwar rumfa ce, tebura cike da bututu da zarto, ɗalibai kuwa duk manya: wani tsohon direba da idonsa ya fara gajiya da hanya, wata mata da shagonta ya mutu, da wasu irinsu. Ana nan zaune sai ga wani mutum ya shigo cikin shuɗin kayan aiki. Akawu na ganinsa ya washe baki, don ya san shi sarai. Masinjan ofishinsu ne na da, wanda ya shekara takwas yana aikensa sayo shayi da kai takarda hawa na uku.

"A'a, Masinja, kai ma nan aka jefo ka? Je ka gaya wa malamin ɗalibai sun hallara."

"Na ga sun hallara, Yallaɓai," in ji mutumin cikin ladabi. "Ni ne malamin."

Dariyar da aka yi har ajin ɗinki an ji ta. Ashe tun da aka sallami Masinja, shekara bakwai da suka wuce, irin wannan horon ya shiga. Yanzu yana da motar aiki da ma'aikata uku, yana zuwa koyarwa da safe ne kawai don nan aka ɗaga shi. Bai riƙe Akawu da komai ba, bai kuma daina ce masa Yallaɓai ba, abin da ya fi zagi ciwo ke nan.

Kafin a taɓa ko ƙusa, Malamin ya karanta musu doka. Duk ɗalibin da ya yi aikin famfo a waje kafin ya gama, na kuɗi ne ko na kyauta, ya bar gurbinsa ga na gaba a layi. Ya ce sun ga gidajen da masu rabin sani suka lalata, ba sa son ƙari. Akawu ya rubuta dokar da kyakkyawan rubutunsa a shafin farko, ya ɗauko rula ya ja mata layi biyu.

Daga ranar ya kama kujerar baya. Kowa na yanka bututu, yana karce yatsa, yana gumi, shi kuwa yana rubutu.

"Yallaɓai, ga zarto," Malamin kan ce.

"Ci gaba kawai, ina ɗaukar bayani."

A sati na uku, ranar Litinin, Malamin ya nuna musu yadda ake haɗa bututu a bushe don a ga ko awo ya yi daidai. Ya cusa wannan cikin wancan, suka kama juna gam-gam. Ya ce gobe za a shiga darasin gam da na makullin ruwa, kada kowa ya yi fashi. Akawu ya kalli bututun, ya kalli littafinsa da ya kusa cika, ya yi wani ɗan murmushi. Ashe duk sana'ar ke nan, a sa ƙarami cikin babba? Nan take ya rubuta takardar neman hutun kwana uku saboda wasu muhimman al'amura, ya sa hannu, ya ajiye a teburin Malamin.

Muhimman al'amuran kuwa suna tsakar gidan Gwaggo. Tsohuwar ta daɗe da sayen tanki, magina sun ɗora shi a kan dogon ƙarfe, bututu da kawunan famfo suna jibge a lungu, amma mai gyaran da ta yi magana da shi ya yi tafiya. Duk gidan, ɗaki shida, da bokiti ake ɗebo ruwa daga famfon bakin titi. Akawu ya same ta a kan tabarmarta ya tsaya ya rataye hannu a baya.

"Gwaggo, ba ni kwana uku. Kowane ɗaki zai ga ruwa a ƙofarsa, banɗaki ma haka."

Gwaggo ta ɗago ta dube shi tun daga takalmi har hula. "Ba sati uku ka yi kana zuwa ba? Na ji an ce wata shida ne."

"Wata shidan an tsara shi ne don masu jinkirin fahimta."

Da matarsa ta dawo aiki ta ji, sai da ta ajiye jakarta ta zauna. Ta tuna masa dokar, ta ce da idonta ta ga layi biyun da ya ja.

"Wa zai gaya wa Malamin?" in ji Akawu. "In ma ya ji, zuwa zai yi ya ɗauki darasi. Ki rubuta ki ajiye, in shugabannin cibiyar suka ga aikin nan, ajin za su damƙa mini. Masinja sai ya riƙa miƙo mini kaya, dama ya saba."

Tsoro ne ya kama ta, ba haushi ba, amma ta san in ya hau irin wannan dokin ba ya jin kira. Ta tashi ta ɗauki bokiti ta fita.

Ranar Talata aka fara da awo. Tela, wanda ke ɗinki a ɗakin da ke jikin banɗaki, ya miƙo masa tef ɗinsa don zumunci.

"Riƙe abinka, wannan na auna tumbi ne," in ji Akawu.

"Tumbin da na auna dai bai taɓa fin rigarsa ba," in ji Tela, ya mayar da tef ɗin wuya ya gyara zama, don ya ga alamar za a yi kallo.

Da rular katako ta ofis, wadda ba ta kai kamu ɗaya ba, Akawu ya auna tsakar gidan nan kaf. Ya ɗora rula, ya dasa yatsa a ƙarshenta, ya ɗaga ya ɗora a bayan yatsan, haka har sau sittin da wani abu yana rarrafe. Bai lissafa faɗin yatsan ba ko sau ɗaya. Da ya yanka bututun ya shimfiɗa, kowanne ya tsaya nesa da inda aka aike shi, na ƙofar Gwaggo ma sai da ya rage kusan taku biyu.

"Ya gaji ne a hanya?" Gwaggo ta tambaya.

"Daftari ne wannan, Gwaggo. Ba a yanke hukunci a kan daftari."

Ya koma yanka guntaye yana ciko, nan guntu, can guntu, har wuraren haɗi suka kai talatin da ɗaya a aikin da goma za su isa. Amma fa a ba shi haƙƙinsa, tsari kam akwai shi. Kowace mahaɗa ya ɗaura mata 'yar takarda da zaren fayil, ya ba ta lamba, ya shigar da ita rajista da ranar haɗawa da lokaci.

Ranar Laraba aka zo huda bangon banɗaki. Akawu ya zana taswira, ya yi lissafi a gefe, ya zagaya ta bayan ginin da guduma da dogon ƙarfe. Tela na cikin ɗinka wata farar riga sai ya ji ƙasa na zubo masa a ka. Kafin ya ɗaga ido, tsinin ƙarfe ya ɓullo daf da kunnensa. Ƙarfen ya koma, ido ya maye gurbinsa.

"Sannu da zuwa," in ji Tela. "Wa ake nema?"

Idon ya ƙifta. "Banɗaki."

"Ka sauka tun ba a kai tasha ba. Ɗaki na gaba ne."

Da wani ne, da ya toshe ramin ya ba da haƙuri. Akawu kuwa zagayowa ya yi ya shigo ɗakin, ya ƙare wa bangon kallo, ya ce dama tsarin ke nan. Ya zura bututu ta ramin, ya bi da shi ta saman keken ɗinki da ƙarƙashin kantar da Tela ke jera yadudduka, ya sake huda ɗaya bangon ya fitar da shi banɗaki.

"Ka gode Allah," ya ce wa Tela. "Ruwa zai riƙa wucewa ta ɗakinka, ko Gwaggo ba ta samu wannan ba."

"In dai wucewa zai yi kada ya tsaya gaisuwa, ba ni da magana."

Da yamma Gwaggo ta jawo wasu gwangwanaye biyu daga cikin kayan, ba a ko buɗe su ba. Ta ce mai shagon ya ce mata gam ne, kuma dole a shafa a kowace mahaɗa.

"Mai shago zai faɗi haka mana, kayansa yake son sayarwa," in ji Akawu. "Gam na wanda awonsa bai cika ba ne. A ofis, wanda ya iya rubutu ba ya yawo da abin gogewa."

"Guntayen nan ashirin fa?" Tela ya leƙo ta taga. "Su ado ne?"

Akawu ya yi kamar bai ji ba, don akwai babban abu a gabansa. Makullin ruwa ne, mai jan hannu, wanda in an murɗa shi ruwa ya wuce, in an mayar ya tsaya. Darasinsa na cikin abin da ya tsallake, amma mai hankali ba ya rasa hanya. Ya zauna ya yi nazari. Wannan abu shi ke cewa a wuce ko kada a wuce, ke nan shi ne manaja. Kuma a shekara ashirin da huɗu bai taɓa ganin takardar da ta fara daga teburin manaja ba, sai ta bi ta kan kowa sannan ta isa gare shi. Saboda haka ya ɗauki makullin ya kai shi can ƙarshen layi, bayan famfo na ƙarshe, a ƙofar Gwaggo.

"Ke ce mai sa hannu na ƙarshe," ya ce mata. Abin ya ɗan yi wa Gwaggo daɗi, ba ta ƙara tambaya ba.

Ranar Alhamis da la'asar aka yi bikin buɗewa. Akawu ya rubuta takardun gayyata ya rarraba wa layin gaba ɗaya, aka aro benci, ya ɗaura jan ƙyalle a famfon Gwaggo. Mutane suka cika tsakar gida, rabi don ruwa, rabi don sun san shi. Motar ruwa ta tsaya a titi, mai motar ya jawo tiyo ya hau ya zura a tanki, sannan ya leƙo.

"Maigida, an rufe makullin?"

"A rufe yake ruf," in ji Akawu, kuma gaskiya ya faɗa.

Mai motar ya koma titi ya tayar da inji. Akawu ya hau kan bulo, ya gyara murya, ya buɗe jawabi mai shafi huɗu. Ya fara da tarihin ruwa. Yana shiga tarihin kansa sai aka ji wani siririn sauti daga gindin tanki, kamar ana kiran kyanwa.

"Iska ce ke ba ruwa hanya," ya ce, ya ci gaba.

Bai kai ƙarshen layin ba wata mahaɗa ta yi tsalle ta rabu biyu, ruwa ya feso ya wanke mutanen benci na gaba. Aka watse ana salati. Akawu ya sauko a natse, ya duba 'yar takardar da ke lilo, ya buɗe rajista.

"Lamba bakwai ce. An haɗa ta ranar Talata, ƙarfe goma da kwata."

"Ba ranar haihuwarta muka tambaya ba," in ji Gwaggo. "Rufe ruwan."

"Ai makullin na gabanki."

Gwaggo ta kama jan hannun ta murɗa dama, ta murɗa hagu, ta sake murɗawa. Ko ɗigo bai canza ba. Akawu ya ruga ya mayar da lamba bakwai ya danne da hannu biyu, ruwan ya wuce gaba ya sami lamba goma sha ɗaya. Ya miƙa ƙafa ya take ta, lamba goma sha huɗu ta buɗe. Ya ja jiki ya zauna a kanta. Na ɗan lokaci ya riƙe mahaɗa uku da jikinsa, ya baje a ƙasa kamar wanda ake yi wa awon kabari, har ya sami bakin cewa, "Kun gani? An shawo kan lamarin."

Sai aka ji wata ƙara daga ɗakin Tela, aka ji Tela ya ambaci sunan Allah. Can ya fito rungume da kan keken ɗinki, yadudduka a kafaɗa suna ɗiga, ruwa na biye da shi ta ƙofa.

"Ya tsaya gaisuwa," ya ce wa Akawu. "Lamba nawa ce, in sanar da masu kaya?"

"Goma sha tara," in ji Akawu, don ba ya iya barin tambayar rajista ba amsa.

Wasu suka fita suna ɗaga wa mai mota hannu, amma ƙarar inji ta hana shi ji, ya ɗauka murna ake yi, shi ma ya ɗago musu hannu. Kafin ya gane ya kashe, tanki ya cika maƙil. Takalman mutane suka kama hanya suka fita ƙofa a jere, takardun jawabi na biye da su. Akawu ya ga ba sauran dabara sai ya tare ruwan daga tushe. Ya saki mahaɗansa uku, ya jingina tsani, ya hau, ya kama mahaɗa mai lamba ɗaya da ke gindin tanki don ya ƙara cusa ta. Yana taɓa ta ta zare gaba ɗaya ta zauna a hannunsa. Ruwa mai kaurin dantse ya same shi a ƙirji, ya tafi da hular, ya tafi da biro uku, ya sauko da shi tsanin ba tare da ya taka ko mataki ɗaya ba.

Yana zaune a cikin taɓo, bututun na hannunsa, sai ya hango matarsa a bakin ƙofa. Dawowarta ke nan daga aiki, ruwa ya rufe mata takalmi. Ta dubi tankin, ta dubi ɗakunan mutane da ruwa ke shiga, ta sa hannu a jaka ta ciro waya. Lambar mai gyaran famfo ɗaya ce tak a wayar nan, ita ce ke jikin takardar cibiya. Nan take Akawu ya gane Malamin za ta kira.

"Kada ki kira shi," ya ce. "Kin san abin da zai biyo baya."

"Na fi ka sani," in ji ta. "Amma gidan mutane ne ke tafiya."

Ta kira.

Ba a jima ba motar aiki ta tsaya a ƙofa. Malamin ya shigo, ya gai da Gwaggo, ya ɗaga kai sau ɗaya. Ya hau tsani da wani abu a hannu, ya jiƙe shi ma, amma kafin a ƙirga hamsin ruwan ya tsaya cak. Gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga tufafin mutane. Ya sauko ya kama bin layin bututun a hankali, yana karanta takardun, yana ɗaga guntaye yana leƙa cikinsu. Ya shiga ɗakin Tela ya fito ta banɗaki. Da ya iso ƙofar Gwaggo ya ga makullin, sai ya tsaya ya daɗe.

"Yallaɓai, wannan me yake yi a nan?"

"Manaja ne," in ji Tela. "Yana jiran takarda ta iso."

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda suka rasa takalma. Malamin bai yi ba. Ya juyo ya fuskanci Akawu, wanda ya miƙe tsaye tsamo-tsamo, farar rigar ta koma kalar ƙasa.

"Ka san dokarmu."

"Na sani," in ji Akawu, murya ƙasa-ƙasa.

Dariyar ta mutu, don kowa a gidan ya san yadda matar nan ta samo gurbin. Ita ba ta roƙa ba. Tana tsaye rungume da jakarta, idonta a kan ruwan da ke kewaye da ƙafarta.

"Doka ta ce ɗalibin da ya yi aikin famfo a waje ya bar gurbinsa," in ji Malamin. "To ni na bi daga lamba ɗaya har talatin da ɗaya, ban ga aikin famfo ba. Na dai ga an jera bututu a tsakar gida an ɗaura musu takardu. Amma ƙila idona ne. Kai ka yi, kai za ka faɗa, Yallaɓai. In ka ce aikin famfo ne, na yarda da kai, gobe sai in kira na gaba a layi."

Kai, ba a taɓa sa Akawu a tsaka mai wuya irin wannan ba. Amsoshi kuwa yana da su a jere a kan harshe, kowace ta fi 'yar'uwarta kyau. Injin motar ne ya yi ƙarfi. Bututun jabu ne. Tsarin zamani ne da ba a kai ga fahimtarsa ba a nan. Har ya ɗaga yatsa, ya ja numfashi, mutane suka gyara tsayuwa don sun san jawabi na zuwa. Sai idonsa ya sauka a kan takalmin matarsa, na aiki, wanda gobe da sassafe za ta sa shi a jiƙe ta tafi sharar asibiti. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da aka sallame shi. Yatsan ya sauko da kansa.

"Ba aikin famfo ba ne," ya ce.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo. "Ruwa ya shige mini kunne."

Akawu ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji. "Na ce ba aikin famfo ba ne. Ban iya ba. Ban taɓa riƙe zarto ba sai shekaranjiya."

Tela ya buɗe baki, ya dubi fuskar mutumin, ya rufe abinsa.

"To madalla, ba a karya doka ba," in ji Malamin. Ya ɗauko gwangwanin gam ya ɓalle murfin ya miƙa masa. "Ga darasin da ka tsallake. Naɗe hannun riga. Gobe kuma ajin gaba ɗaya zan kawo nan, don samun wurin da aka tara kurakurai haka a waje ɗaya sai an yi tafiya."

A gaban duk layin Akawu ya durƙusa a taɓo. Malamin ya sa shi ya kwanto manajan daga ƙofar Gwaggo aka kai shi gindin tanki, inda ya kamata ya zauna tun farko. Sannan ya sa shi ya goge bakin bututu ya bushe, ya shafa gam ciki da waje, ya cusa, ya ɗan murɗa, ya riƙe yana ƙirga talatin. Na farko ya karkace, aka yanke aka sake. Na biyu gam ya manne masa yatsu. Malamin bai karɓa ya yi masa ba, ya dai tsuguna a gefensa yana cewa, "A hankali, Yallaɓai. Sake." A karo na uku ya zauna daidai.

Mahaɗa ɗaya suka yi, suka ɗaura kan famfo a gabanta, suka jira gam ya kama. Mutane sun tafi farautar takalmansu, Tela na shanya yadudduka a igiya yana yi musu ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya. Rana ta yi sanyi sannan Malamin ya ce a buɗe. Akawu ya murɗa jan hannun da kansa. Matarsa ta tara bokiti, ruwa ya zubo ta inda aka ce ya zubo.

Ya sa yatsa ƙarƙashin mahaɗar ya shafa, ya duba. Ya sake shafawa, ya sake dubawa. Wani daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, don a shekara biyun nan bai yi abu ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa ba sai wannan.

"A bushe take," ya ce wa matarsa a hankali, ba don kowa ya ji ba. "Ni na haɗa ta."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗaga bokitin.

"Na gani, Baban yara," ta ce. "Saura talatin."